Cikin Badala, Nassarawa ko Bakin Ganuwa: Ina Mai Son Al'ada Zai Sayi Gida a Kano?

Duk lokacin da hotunan hawan sallah suka cika wayoyi, akwai wani a Abuja, ko Legas, ko Jidda, ko Landan da zuciyarsa ke raya masa cewa lokaci ya yi da zai mallaki gida a Kano. In ka tambaye shi dalili, abu biyu zai kawo maka a cakuɗe. Na farko, yana so yaransa su taso sun san ƙarar tambari da algaita, sun hau Dala, sun san hanyar Kurmi ba tare da an riƙe musu hannu ba. Na biyu, ya ji cewa a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, don haka baƙi za su ƙaru, gida kuma zai riƙa kawo kuɗin haya.

Dalilan nan biyu kowanne yana da ƙarfinsa, amma ba unguwa ɗaya suke kai mutum ba. Abin kallo a Kano yana cikin badala, wato ganuwar da ta kewaye tsohon birni, mai zuwa kallon kuwa a wajenta yake kwana. Wanda bai raba waɗannan biyun ba tun kafin ya kira dillali, zai iya sayen gidan da bai ba shi al'adar ba, bai kuma ba shi kuɗin ba.

Ma'aunan da za a ɗora kowane wuri a kai

Na farko shi ne kusanci da al'adar, kuma kusancin ƙafa nake nufi, ba na mota ba. Ranar hawa ana rufe tituna, wanda ke da nisa sai ya ajiye mota can baya ya taka.

Na biyu farashi: na saye, da na gyaran da zai biyo baya. Na uku ƙarko, na ginin kansa da na darajarsa a kasuwa idan wata rana aka so sayarwa. Na huɗu sauƙin zama, wato hanya, ruwa, wuta, magudana da wurin ajiye mota. Na biyar haɗari, wanda a Kano kusan kullum yana nufin takarda, gado, rusau ko ambaliya.

Akwai na shida da ya kamata a tsaya a kansa, domin a nan lissafin mutane da yawa yake karkacewa: wane ne baƙon da zai biya haya? Hawa 'yan kwanaki ne sau biyu a shekara: hawan idi, hawan Daushe, hawan Nassarawa, sai Ɗorayi ko Fanisau. Ko waɗannan kwanakin ma ba su da tabbas. An dakatar da hawa a 2020 saboda cutar korona. Bayan rikicin sarautar da ya taso a watan Mayun 2024, 'yan sanda sun hana hawa a babbar sallar shekarar, aka sake hanawa a 2025. Turawa masu yawon buɗe ido kuwa sun ja baya sosai tun hare-haren Janairun 2012, kuma har yau ba su dawo yadda suke a da ba. Baƙon Kano na kullum ɗan kasuwa ne da ya zo Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau daga Nijar, Chadi ko Kamaru. Ko dangin amarya da suka zo biki. Ko mai jinya a Asibitin Malam Aminu Kano. Ko iyayen ɗalibi a Jami'ar Bayero. Waɗannan su ne ke cika ɗakuna daga Muharram zuwa Zulhajji. Mai zuwa kallon dawaki ƙari ne kawai a kansu.

Cikin badala

A ma'aunin farko babu mai ja da cikin gari. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 ita ta kewaye kusan duk abin da ake zuwa Kano gani. Gidan Rumfa, da Gidan Makama da aka mayar gidan tarihi, da Kasuwar Kurmi, duk suna komawa ne ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yanzu ana tsoma zane a cikin baba a ramukanta, kuma in ka matsa kusa za ka ji sautin masu bugu suna sauke guduma a kan yadi bi da bi har sai ya yi sheƙi. Mai gida a Yakasai, ko Gwangwazo, ko Mandawari, ko Kabara, ba ya neman katin shiga rumfa ranar hawan Daushe. Hakimai da 'yan lifida da 'yan sulke ta bakin lungunsa suke wucewa kafin a je Ƙofar Kudu a yi jafi. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yaransa za su bi ayari su hau Dala. Maukibin Ƙadiriyya daga Kabara yake tashi. Da goma ga azumi ta wuce 'yan tashe za su shigo masa har zaure.

Amma abin da ya fi waɗannan duka daraja a ganina ba ya fitowa a hoto. Shi ne zaman unguwa: majalisar ƙofar gida bayan la'asar, makarantar allo da ta dare, karatun littattafai a zauren malami irin wanda aka san Madabo da shi, maƙwabcin da zai tsawata wa ɗanka ba tare da ya nemi izininka ba, gurasar da ake kawowa da zafinta. Wanda yake son yaransa su san Kano, wannan yake nema ko da bai ambata ba.

Farashi a nan kala biyu ne. Gidan da ke can cikin lungu, inda ko adaidaita sahu ba ta shiga, yana da sauƙi idan aka kwatanta da Nassarawa da bakin ganuwa. Wanda ke bakin titi, ko kusa da Kurmi da Ƙofar Wambai, farashin shago ake yi masa, ba na gida ba, kuma 'yan kasuwa ne abokan takararka. Sannan gida a cikin gari bai cika fitowa kasuwa a fili ba. Sau da yawa kafin dillali ya ji, maƙwabci ko ɗan dangi ya riga ya taya.

Ƙarko ya danganta da irin ginin. Gidan ƙasa na asali, mai tubali da azara da ɗaurin guga, yana da sanyi a bazara da ɗumi a hunturu, kuma in ana kula da shi yana ganin jikoki. Sharaɗinsa shi ne kulawar. Kafin kowace damina sai an duba rufi, an gyara indararo, an sake yaɓe inda ya zaizaye. Magina da suka iya makuba da laso sun yi ƙaranci, kuma azara mai kyau ta yi tsada. Gidan ƙasa ba ya son a kulle shi a tafi. Indararo ɗaya ya toshe a watan Agusta, ruwa ya kwanta a kan soro, kafin mai gida ya dawo daga tafiya katanga ta zauna. Wanda zai riƙa zuwa sallah-sallah kawai ya sa wannan a lissafi da gaske. Abin da da yawa ke yi shi ne su rushe su yi na bulo, wanda ya fi jure sakaci, sai dai daga ranar an rasa zanko da zanen dagi da suka ja hankalin mutum tun farko. Ina roƙon duk wanda Allah ya ba shi irin wannan gida mai kyawun gini, ko da zai sabunta ciki, ya bar zauren da fuskar gidan yadda suke. Kaɗan suka rage.

Sauƙin zama shi ne raunin cikin gari. Mota sai dai a kwana da ita a wani fili ko gareji a biya mai gadi. Ruwa a unguwanni da dama na 'yan garuwa ne. Kwatoci a buɗe suke, kuma unguwannin da ke gangaren Jakara sun san abin da ruwan sama mai ƙarfi yake yi. Shigo da yashi da bulo cikin lungu da baro ake yi, wanda ke ƙara kuɗin kowane gyara.

Haɗari mafi girma gado ne. Yawancin gidajen nan sun ratsa hannu uku ko huɗu ba tare da an raba su a kotu ba. Mutum ɗaya zai zo maka da fara'a ya ce shi ne babba a gidan, kowa ya amince. Kada ka biya sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, ka kuma ga sa hannun kowane magaji, har da mata da waɗanda ke aure a wani gari. A fiƙihun Malikiyya, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon da aka sayar maka. Shaidar mai unguwa tana da amfani ƙwarai, amma ba ta maye gurbin takardar kotu. Game da haya ga baƙi kuwa, kada a sa rai. Unguwar da kowa ya san kowa ba za ta ji daɗin baƙin fuska suna shiga suna fita kowane mako ba, kuma suna da gaskiyarsu.

Nassarawa da Bompai

Nan ne Turawan mulki suka zauna bayan sun ci Kano a 1903, kuma tsarin da suka bari yana nan: filaye manya, tituna masu faɗi, inuwar maɗaci da darbejiya. Ba a rasa tarihi ba. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna ya kuma fara makarantar boko, yana nan, haka gidan sarki na Nassarawa, da filin sukuwa da na folo. Rana ta uku ta sallah hawan Nassarawa yana biyowa ta nan zuwa gidan gwamnati. Sai dai wannan al'ada ce da ake fita a kalla a dawo. Bayan magariba kowa yana bayan get ɗinsa, kuma yaro zai iya shekara bai san sunan ɗan maƙwabci ba.

A farashi nan ne ƙololuwa. Kuɗin fili fanko a tsakiyar Nassarawa zai sayi gidaje da dama a cikin lungunan birni. Abin da ake saye da wannan tsadar shi ne kwanciyar hankali a kan takarda, domin yawancin filayen awon gwamnati ne masu shaidar mallaka, da kuma darajar da ba ta cika faɗuwa ba. Duk da haka a je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a binciki fayil, a tabbatar ba a jinginar da gidan a banki ba, a kuma duba shekarun da suka rage, tunda a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 shaidar mallakar gidan zama yawanci ta shekara 99 ce, wasu kuma an bayar da su tun da daɗewa. Tsofaffin gidajen suna da ƙwarin gini, amma wayoyin wuta da bututun ruwansu kan buƙaci a sauya su gaba ɗaya.

Ga mai neman kuɗin haya daga baƙi, nan ne wurin. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kusa, manyan otal da gidajen abinci suna nan, kuma baƙon da ya zo kallon hawa, ko taro, ko bikin 'yar wani attajiri, nan yake tambaya. Gida mai ɗakuna da kayan ɗaki, da sola da rijiyar burtsatse, yana samun masu kama shi na kwanaki. Haɗarin da ke ciki biyu ne. Unguwar tana sauya kama, ana yanka manyan filaye, gidaje suna komawa makarantu da asibitoci da rukunin shaguna, don haka shirun da ka saya yau ba lallai ya kai shekara goma ba. Sannan mayar da gidan zama masaukin baƙi yana buƙatar izinin sauya amfani daga hukuma, ba abin da ake yi a ɓoye ba ne.

Bakin ganuwa

Da wannan ina nufin unguwannin da suka yi wa badala zobe daga waje: Gandun Albasa, Zoo Road, Hausawa da Gyaɗi-Gyaɗi ta kudu, Gadon Ƙaya da Kabuga ta yamma, Fagge ta arewa maso gabas. Mutane ba su cika kawo su cikin wannan zance ba saboda ba su da kwarjinin cikin gari, ba su da sunan Nassarawa. A ganina su ne suka fi dacewa da mafi yawan masu wannan tambaya.

Daga Gandun Albasa, Ƙofar Ɗan Agundi da Sabuwar Ƙofa tafiyar ƙafa ce, daga nan kuma fada ba nisa. Mutanen unguwannin nan da yawansu 'yan cikin gari ne da gida ya yi wa kaɗan suka fito, suka taho da majalisarsu da gaisuwarsu da zumuncinsu. Ga shi kuma mota tana shiga har ƙofar gida. Zoo Road tana da nata jan hankalin na zamani: gidan namun daji na Audu Baƙo, filin baje koli, katafaren kantin Ado Bayero, da ofisoshin 'yan fim ɗin Hausa. Gyaɗi-Gyaɗi tana jikin Asibitin Malam Aminu Kano, Kabuga tana tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa. Fagge daban take. Tun asali zangon baƙi ce, kuma har gobe ɗan kasuwar da ya sauka daga Agadas ko Damagaram ko Njamena don sayayya a Kwari nan yake neman masauki. Cunkoso da hayaniya sun yi yawa ga mai iyali, amma ɗaki ba ya kwana babu mutum.

Farashi tsaka-tsaki ne, yana hawa sosai in an matso bakin babban titi. Gini kusan duk na bulo da siminti ne, ƙarkonsa kuma ya danganta da amanar wanda ya gina. A zo da injiniya ya duba, musamman gidan da aka gina don sayarwa aka lulluɓe shi da fenti mai kyau.

Haɗari a nan sunansa rusau, kuma dole a faɗe shi ƙarara. A watan Yunin 2023 gwamnatin jiha ta rushe gine-ginen da aka yi a filin idi da harabar tsohon otal ɗin Daula da wasu filayen da ta ce na jama'a ne, alhali masu su da dama suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su. Darasin da mai saye zai ɗauka shi ne takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an tambayi tarihin filin. Me yake a wurin shekara ashirin da suka wuce? In amsar ita ce jikin badala, ko makabarta, ko filin makaranta, ko kududdufin da aka cike, a haƙura komai araharsa. Ganuwar Kano tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007, kuma wanda ya zo Kano saboda tarihinta bai kamata kuɗinsa ya shiga cikin cinye abin da ya rage na ganuwar ba. Gidan da ke kan tsohon kududdufi kuwa ko hukuma ba ta zo ba ruwa zai zo. Shi ya sa lokacin duba gida a Kano shi ne Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. A dubi gindin katanga, a ga inda layin danshi ya tsaya.

Sababbin unguwanni na bayan gari

Ɗanbare, Rijiyar Zaki, Mariri, da rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo suna ba da fili mai yalwa a kuɗi mai sauƙi. Zaɓi ne mai kyau ga mai neman wurin zama kawai, amma ba su amsa tambayar da muke kai ba. Daga can, zuwa kallon hawa tafiya ce da ake shiryawa tun da safe. Wanda ya nufi can ya bambance filin awon gwamnati da na awon igiya, wanda masu filin ke yankawa da kansu, domin na biyun ba a cika barin hanya da magudana ba.

| Ma'auni | Cikin badala | Nassarawa da Bompai | Bakin ganuwa | Bayan gari |
|---|---|---|---|---|
| Kusanci da al'ada | A ƙofar gida | Sai an fita | Tafiyar ƙafa ko adaidaita | Nesa |
| Farashi | Sauƙi a lungu, tsada a bakin titi | Mafi tsada | Tsaka-tsaki | Mafi sauƙi |
| Ƙarkon gini | Na ƙasa yana son kulawa duk shekara | Mai ƙwari, amma tsohon waya da bututu | Ya danganta da magini | Sabo, sai an bincika |
| Sauƙin zama | Mota da ruwa matsala ne | Mafi sauƙi | Da dama-dama | Hanya da nisa |
| Babban haɗari | Rikicin gado | Sauyin unguwa | Rusau da ambaliya | Awon igiya |
| Haya ga baƙi | Kusan babu | Mai ƙarfi | Mai kyau, duk shekara | Rauni |

Wa ya dace da ina

Idan kana da tushe a cikin gari, danginka suna nan, kuma kai ko wani naka zai zauna a gidan dindindin, sayi cikin badala. Ka nemi lungun da bai yi nisa da titi ba, ka kashe lokaci a kan takardar gado fiye da yadda ka kashe a kan ciniki, ka kuma ware kuɗin gyaran damina a matsayin abin da za ka riƙa biya kowace shekara. In ba ka da kowa a unguwar, fara kama haya na shekara guda ka ga ko zaman ya karɓe ka.

Idan jari kake so ka ajiye, kana da ƙarfinsa, kuma baƙi masu biya da kyau kake hari, Nassarawa ce. Ka yi lissafinka a kan 'yan biki da 'yan taro da 'yan kasuwa. In shekarar ta zo da hawa, ribar kwanakin sallah ta zama ƙari.

Idan kana zaune a wata ƙasa ko wani gari, za ka riƙa zuwa da iyali lokacin sallah da hutu, kana kuma so gidan ya riƙe kansa sauran watanni, duba Gandun Albasa, Hausawa, Gadon Ƙaya ko Kabuga. Gida mai sashe biyu ya fi: ɗan haya na shekara a ɗaya, wanda zai zama idonka a kan gidan, ɗayan kuma naka. Mai son kuɗin haya zalla wanda hayaniya ba ta dame shi ba ya leƙa Fagge.

Hajiyar da ke son gidan da za ta yi ritaya a ciki, kusa da asibiti, kusa da 'yan'uwa a cikin gari, inda jikoki za su zo sallah a kai su Ƙofar Kudu su dawo kafin isha'i, Gyaɗi-Gyaɗi ko Gandun Albasa za su fi mata sauƙi a kan lungun da sai an taka kafin a kai ga mota. Wanda kuma kuɗinsa bai kai ko ɗaya daga cikin ukun ba, ya sayi filin awon gwamnati a bayan gari ya gina a hankali, ranar hawan Daushe ya yi sammako ya ajiye mota a gidan ɗan'uwa kafin a rufe hanya.